"Allah Ya Ƙara!": Darasi A Kan Mugun Fata Da Murnar Wahalar Wanda Ba Mu So

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya san abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda ga shehunnanmu, ya ba mu albarkacinsu.

Bayan haka, 'yan'uwa, ni almajiri ne, ina karatun jami'a a nan Damagaram, asalina kuwa Zermu ne a ƙasar Mirriya. Abin da zan kawo darasi ne da aka yi mini, na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba. Maganar a kan wata 'yar gajeriyar kalma ce wadda da wuya a samu wanda bai taɓa furta ta ba, ko da a zuci ne: "Allah ya ƙara!" Muna faɗinta idan masifa ta faɗa wa wanda ba mu so. Kafin masifar ta zo ma, sau da yawa mun riga mun yi masa fatanta. Larabawa suna kiran wannan hali shamata, mu kuma mukan ce dariyar ƙeta ko mugun fata. Me ya sa zuciya take jin daɗin wahalar wani, alhali wahalar ba ta ƙara mata ko ƙwayar gero?

Yadda abin ya same ni

A shekarata ta biyu a jami'a aka haɗa mu aiki mu biyar. Ni na yi mafi yawansa, amma ranar da za a miƙa ina Zermu wajen jana'iza, sai ɗaya daga cikinmu ya cire sunana, ya ce ban taɓuka komai ba. Na rasa makin, sai da na sake jarabawar darasin. Ban yi faɗa da shi ba. Na ce na bar shi da Allah, har abokai suna yaba haƙurina.

Bayan wata biyar, wani dare mun tashi daga wazifa, carbi na hannuna ban ko sa shi aljihu ba, na duba waya sai na ga saƙo a WhatsApp ɗin ajinmu: wane ya faɗi da kabu-kabu, ya karye a ƙafa, ga jarabawa saura mako biyu. Wallahi 'yan'uwa, abin da ya fara zuwa mini wani sanyi ne a ƙirji, irin na wanda ya sha ruwan randa da azahar. Na rubuta "Allah ya ba shi lafiya" kamar kowa, amma a ciki wata murya tana cewa: "Ka gani ko? Ba a taɓa ka a kwana lafiya." Minti nawa ke nan da na gama istigfari talatin da bakina?

Da na je gida hutu na faɗa wa muƙaddaminmu, dattijo ne da ya haura saba'in. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce: "Ɗana, karayar ta maido maka makinka?" Na ce: "A'a, Allah gafarta Malam." Ya ce: "To da a ce ya zo ya durƙusa ya ba ka haƙuri, aka gyara maka makin, Allah kuma ya bar masa ƙafarsa lafiya, da wannan da karayar, wanne ranka ya fi so?" Na yi shiru, domin na san amsar, kuma kunyar faɗinta nake ji. Ya ce: "Shirun nan naka shi ne ciwon. Da ka ce ka bar shi da Allah, ba bari ka yi ba, aike ka yi."

Tun daga ranar nake bin wannan ciwo ina neman saiwarsa. Ga abin da na samu a wajen malamai, da kuma a cikin kaina.

Dalili na farko: fushin da aka haɗiye

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din a kan fushi da ƙullaci da hassada, ya jera su kamar kaka da uwa da 'ya. Bayaninsa shi ne, idan mutum ya fusata kuma ya kasa hucewa a take, fushin yakan koma ciki ya daskare ya zama ƙullaci, ƙullacin kuma ya haifi 'ya'ya, cikinsu har da hassada da shamata.

Wannan ya nuna mana cewa mugun fata sau da yawa makamin wanda ya rasa ƙarfi ne. Mai iko idan an ɓata masa yakan rama da hannunsa. Talaka da aka danne, da matar da aka wulaƙanta a gidan miji, da ɗalibin da aka zalunta, su ba su da inda za su kai ƙara, sai su zauna suna jiran ƙaddara ta rama musu. Saboda haka kada mu yi gaggawar kiran duk mai irin wannan zuciya mugu, galibi akwai rauni na gaske a ƙarƙashi. Amma kada mu ruɗi kanmu mu kira shi haƙuri. Haƙuri yana sauke kaya, ƙullaci kuwa ajiye su yake yi a ɗaka yana leƙawa kullum.

Dalili na biyu: nafsu tana neman shaida

Wannan shi ne ya fi ba ni tsoro, kuma shi ya fi kusa da mu ma'abota zikiri. Abin da ya yi mini daɗi a karayar abokin karatuna fassarar da na yi mata ce: Allah ya shigar mini, ke nan ni ne mai gaskiya, ke nan ina da wani matsayi a wurinsa. Gazali ya ambaci wannan tarko, cewa mai gaba idan bala'i ya samu abokin gabarsa yakan ɗauka sakayya ce aka yi dominsa, har ya jingina abin ga darajarsa a wurin Allah. Ka ga ashe girman kai ne ya sa rigar tawakkali.

Mu dubi kanmu da adalci. Sau nawa muka ji wani mai sukar ɗariƙa ya kwanta ciwo, ko shagonsa ya ƙone a kasuwa, sai wani a cikinmu ya ce: "Ai ya taɓa bayin Allah, ya gani"? Su ma a can ɓangaren idan abu ya samu ɗayanmu, akwai mai cewa sakamakon bidi'a ne. Kowa ya mayar da ƙaddarar Ubangiji hujjar ƙungiyarsa. Gaskiya ne Allah yana kishin waliyyansa, amma wa ya ba ni ko kai littafin da ake rubuta dalilin kowace masifa? Hadisi ya tabbata cewa annabawa su suka fi kowa shan jarrabawa, sai masu bi musu a daraja. Da ciwo alamar fushin Allah ne a kowane lokaci, me za mu ce game da Annabi Ayyuba (A.S)? Wataƙila karayar da nake wa murna ita ce ta kankare wa mai ita zunubinsa, har da abin da ya yi mini, ni kuwa murnar ta zame mini sabon zunubi. Ya tashi da riba, na tashi da bashi.

Dalili na uku: awon kai da mudun wani

Akwai wanda bai yi maka komai ba, laifinsa kawai ya wuce ka. Ya samu tallafin karatu zuwa waje, ko ya yi aure ka kasa, ko gonarsa ta yi kyau taka ta ƙi. Nafsu ba ta auna ni'imar da ke hannunta da buƙatarta, da abin maƙwabci take aunawa. Idan ta kasa hawa zuwa inda yake, sai ta yi fatan ya sauko. Faɗuwarsa sai ta yi mata kama da tashi, kamar wanda ke zaune cikin motar da ke tsaye a tasha, ta kusa da ita ta ja baya, ya ɗauka tasu ce ke tafiya.

Manomin Zermu ya fi kowa sanin ƙaryar wannan lissafi. Idan tsutsa ta cinye geron maƙwabcinka, dami nawa ya ƙaru a rumbunka? Iyayenmu suna ba da labarin farar da ta sauka a 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005, wadda ta gallabi Damagaram da Maraɗi da Tawa. Fara ba ta tsaya a kan iyakar gona ta tambayi ta wane ce ba. Shi ya sa magabata suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalili na huɗu: mu da su

Zuciya ba ta iya yi wa cikakken mutum mugun fata, wanda take ganin uwarsa da 'ya'yansa da hawayensa. Sai ta fara rage shi ya koma suna guda: ɗan jam'iyyar wane, ɗan ƙungiyar wane, ɗan unguwar kaza. Mu a Damagaram muna da misali a gabanmu. Unguwar Kara-Kara tun asali can aka tsugunar da kutare da waɗanda gari ya ƙi, yau kuma an fi saninta da samarin da ake kira 'yan pale. Aicha Macky, 'yar garin nan, ta yi fim a kansu a 2021 mai suna Zinder. Ba na wanke ɓarnar da wasunsu ke yi, wanda aka tare a hanya ya san zafinta. Amma ku saurari abin da ake faɗa a fada wajen shan shayi idan an ce an sari ɗayansu ko an kai shi kaso: "Allah ya rage mugun iri." Ba mai tambayar wace ce uwarsa, ko ya taɓa shiga aji, ko wa ya taɓa kiransa masallaci.

Tarihin ƙasarmu ma ya isa wa'azi. A ƙarshen shekarun 1890 Damagaram da Kano suna gaba, Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A watan Yulin 1899 Faransawa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini suka shiga birni, bayan 'yan makonni aka kashe Sarki Ahmadu. Idan har akwai wanda ya yi murna a Kano a ranar, murnarsa ba ta cika shekara huɗu ba, domin a watan Fabrairun 1903 Turawan Ingila suka shiga Kano, Sarki Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lokoja. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A 1906 kuma aka tuhumi Sarki Ahmadu ɗan Basa da wasu manyan gari, cikinsu har da babban attajiri Malam Yaro, da shirya wa Faransawa makirci. Masana tarihi, irin su marigayi André Salifou, sun yi rubutu a kan lamarin, kuma sun saɓa a kan gaskiyar makircin. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne ƙarshensa: aka tuɓe Sarki aka kai shi Kwaddibuwa, aka damƙa riƙon gari ga Bellama, bawan fada, gadon sarautar Damagaram ya zauna ba sarki har 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. Fada ba ta rasa masu jin haushin juna, kuma duk wanda ya ji daɗin faɗuwar abokin hamayyarsa a wannan shekara, ya wayi gari a garin da baƙo ke naɗawa yana tuɓewa yadda ya ga dama.

Abin da shari'a ta ce

Alƙur'ani ya sanya wannan hali cikin siffofin maƙiya muminai. A Suratu Ali Imrana, aya ta 120, an siffanta su da baƙin ciki idan alheri ya samu muminai, da farin ciki idan sharri ya same su. A Suratul A'arafi, aya ta 150, lokacin da Annabi Musa (A.S) ya dawo a fusace ya kama kan ɗan'uwansa, abin da Annabi Haruna (A.S) ya roƙa shi ne kada ya ba maƙiya abin yi masa dariya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa shamatar maƙiya tana cikin abubuwan da Manzon Allah (S.A.W) yake neman tsari daga gare su, ya jera ta tare da tsananin bala'i da mummunar ƙaddara. Tirmizi kuma ya kawo gargaɗin cewa mai nuna murna da masifar ɗan'uwansa yana iya wayar gari Allah ya ji ƙan wancan, shi kuma ya jarrabe shi. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Wani zai ce: to wanda aka zalunta fa, ya yi shiru ke nan? A'a. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Addu'ar wanda aka zalunta karɓaɓɓiya ce. Kai ƙara wurin mai gari ko alƙali halal ne, jin sauƙi idan an kama ɓarawon da ya addabi unguwa shi ma ba laifi ba ne, domin murna ce da yankewar cuta. Iyakar tana nan: neman haƙƙi daban, kwaɗayin azabar mutum daban. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya. An yi masa bulala kamar yadda hukunci ya tanada, amma da wani ya tsine masa, sai Manzon Allah (S.A.W) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An tsayar da hukunci, an hana tsinuwa, a zama ɗaya.

Ga ma'aunin da Malam ya ba ni, kowa ya gwada a kan wanda yake ƙi. Ka ƙaddara ya tuba, ya maido maka haƙƙinka cif, Allah ya yafe masa, ya buɗa masa, bai ɗanɗani wahalar komai ba. Idan ranka ya yi fari, adalci kake nema. Idan ka ji wani abu ya tokare ka, kamar an cuce ka karo na biyu, to jininsa kake so, sai ka nemi magani.

Yadda mazan jiya suka yi

Ranar Ɗa'ifa, bayan an jefi Shugaban halitta (S.A.W) har jini ya zuba, mala'ikan duwatsu ya nemi izini ya haɗe duwatsu biyu a kan mutanen da suka ƙi shi. Bai yarda ba, ya yi fatan Allah ya fitar da masu bauta masa daga tsatsonsu. Ya hango jikokin da ba a haifa ba, mu kuwa ko 'ya'yan maƙiyinmu da ke gabanmu ba mu gani.

Imamu Ƙushairi ya kawo a cikin Risalarsa cewa Ma'aruful Karhi yana zaune da almajiransa a bakin kogin Dijla a Bagadaza, sai ga wasu samari cikin jirgin ruwa suna kaɗe-kaɗe da shaye-shaye. Almajiran suka nemi ya yi musu mummunar addu'a. Da ya ɗaga hannu sai ya roƙi Allah ya faranta musu a lahira kamar yadda ya faranta musu a duniya. Suka yi mamaki, ya bayyana musu cewa idan Allah zai faranta musu a can, to zai ba su tuba a nan, kuma hakan bai rage ku da komai ba. Da almajiran da shehin duk so suke saɓon ya ƙare. Su sun ga hanya ɗaya ce, a halaka masu yi, shi kuwa ya ga wata.

Magani

Na farko, ka kama kanka a daidai lokacin. Sanyin nan da ke zuwa ƙirji idan ka ji mugun labarin wane, kada ka yi masa ado da "ishara ce" ko "hakkina ne ya kama shi". Ka kira shi da sunansa, ka yi istigfari a kansa shi kansa. Istigfari ɗari na lazimin safe da ɗari na yamma ba ƙidaya kawai ba ne, kowane ɗaya yana buƙatar laifin da zai wanke.

Na biyu, ka kame harshe da yatsa. Abin da ya ɗarsu a zuci ba da zaɓinka ba, kana kuma ƙinsa, ana fatan Allah ya yafe. Amma da zarar ka furta, ko ka tura hoton wanda ya faɗi zuwa wasu wayoyi, ko ka sa alamar dariya a ƙarƙashin labarin a Facebook, ya zama aiki, an rubuta.

Na uku, idan kana da haƙƙi ka neme shi ta ƙofarsa. Da tun farko na je na sami wanda ya cuce ni na faɗa masa a fuska, ko na kai maganar inda za a duba, da fushin bai kwana wata biyar yana ruɓa a cikina ba.

Na huɗu, ka yi masa addu'a da sunansa, a ɓoye, irin wadda kake yi wa kanka. Muslim ya ruwaito cewa mai yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan idonsa akwai mala'ikan da ke amsawa yana roƙa masa kwatankwacinta. Da farko harshe zai yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ka ci gaba.

Na biyar, ka taka da ƙafarka. Malam bai sallame ni ba sai da ya ce in je in duba shi. Na sayi lemo na tafi gidansu, ina tafe ina neman dalilin komawa. Na same shi a kan tabarma, ƙafa a ɗaure, mahaifiyarsa na yi masa fifita. Ya dube ni ya ce: "Kai ma ka zo?" Na ce: "Na zo. Ya jiki?" Mahaifiyar, wadda ba ta san abin da ke tsakaninmu ba, ta yi ta sa mini albarka har na rasa inda zan sa idona. Ba mu tayar da maganar maki ba a ranar, kuma ba zan ce mun zama aminai ba. Abin da na sani shi ne, tun da na ga tsohuwar nan da maficinta, na kasa sake jin daɗin karayar.

Ya ɗan'uwa muridi, muna zama sahu ɗaya a wazifa, gwiwa na gugar gwiwa, muna neman a buɗe mana. Zuciyar da ke jiran faɗuwar wani ta riga ta cika, ina za a zuba mata hasken? Kafin ka ɗauki carbi yau da magariba, ka tuna mutum ɗaya da kake jira ka ji mugun labarinsa, ka fara da shi.

Ya Allah ka wanke zukatanmu daga ƙullaci da hassada da mugun fata. Kada ka sa mu zama abin dariyar maƙiya, kada kuma ka sa mu zama masu yi wa bayinka dariya. Ka saka wa wanda aka zalunta, ka shiryi wanda ya yi zalunci, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka zaunar da Damagaram da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, albarkacin Annabi Muhammadu (S.A.W). Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina roƙon malamai su gyara mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.